Max Baer: Zakaran damben duniya da ya yi fice a fina-finai

An haifi Max Baer a ranar 11 ga Fabrairu, 1909, a birnin Omaha da ke jihar Nebraska ta Amurka. Ya girma a garin Livermore na jihar Kalifoniya, inda ya taya mahaifinsa kiwo da sana'ar fawa, aikin da ya gina masa ƙirji da damtse. A 1929 ya shiga damben boksin na ƙwararru a ajin masu nauyi, kuma nan da nan aka san shi da zafin hannun dama.

Wannan ƙarfi ne ya jawo masa babban abin baƙin cikin rayuwarsa. A ranar 25 ga Agusta, 1930, ya kara da Frankie Campbell a San Francisco, ya yi masa dukan da ya sumar da shi a turmi na biyar, washegari kuma Campbell ya rasu. An tuhumi Baer da kisan kai ba da gangan ba, daga baya aka wanke shi, amma hukumar wasanni ta jihar ta dakatar da shi na shekara guda. Ya sha kashi a huɗu daga cikin wasanni shida da suka biyo baya, ya kuma riƙa tallafa wa iyalan mamacin da kuɗi.

Ya farfaɗo a ranar 8 ga Yuni, 1933, lokacin da ya doke Bajamushe Max Schmeling a turmi na goma a filin Yankee da ke New York. Ya shiga fage da alamar tauraron Yahudawa a wandonsa, a shekarar da Hitler ya hau mulki, domin tushen mahaifinsa na da alaƙa da Yahudawa. A shekarar ce kuma ya fito a fim ɗin The Prizefighter and the Lady tare da jaruma Myrna Loy, fim ɗin da gwamnatin Jamus ta haramta nunawa.

A ranar 14 ga Yuni, 1934, ya kara da Primo Carnera ɗan Italiya, wanda suka yi fim ɗin tare. Ya kai shi ƙasa aƙalla sau goma kafin alƙalin wasa ya tsayar da karawar a turmi na 11, ya zama zakaran duniya. Kambun bai daɗe a hannunsa ba. Sakaci da atisaye da raina abokin karawa suka sa James Braddock ya ƙwace shi a Yunin 1935, sannan Joe Louis ya doke shi a watan Satumba.

Bayan ya bar dambe a 1941, ya ci gaba da fina-finai, ciki har da Africa Screams a 1949 da The Harder They Fall a 1956 tare da Humphrey Bogart. Ya rasu sakamakon ciwon zuciya a ranar 21 ga Nuwamba, 1959, a wani otal da ke Hollywood, yana da shekara 50.

A 2005 fim ɗin Cinderella Man ya nuna shi a matsayin mugu mai alfahari da kisa. Ɗansa, ɗan wasan kwaikwayo Max Baer Jr., ya yi watsi da wannan siffa, ya bayyana cewa mutuwar Campbell ta addabi mahaifinsa har ƙarshen rayuwarsa.