Mai Albarka Alekzandrina ta Balazar da Yayarta Deolinda

Jama'ar Allah, kusan kowace majami'armu tana da gidan da ake jinyar wanda ya daɗe a kwance. Saboda irin waɗannan gidaje ne muka kawo tarihin wata baiwar Allah ta ƙasar Fotugal, wadda ta yi shekara 30 a kan gado.

An haifi Alekzandrina Mariya da Kosta ranar 30 ga Maris, 1904, a ƙauyen Balazar da ke arewacin Fotugal. Mahaifiyarta, Mariya Ana, ita ta rene ta tare da yayarta Deolinda cikin talauci da tsoron Allah. Yarinya ce mai ƙarfi da fara'a, ta saba da aikin gona tun tana ƙarama.

Ranar Asabar Mai Tsarki ta 1918, tana da shekara 14, suna zaune suna ɗinki ita da Deolinda da wata yarinya mai koyon sana'ar, sai wasu maza 3 suka kutsa cikin gidan da mugun nufi. Domin ta tsare mutuncinta, Alekzandrina ta dira ta taga daga tsayin kamar mita 4. Ƙashin bayanta ya sami rauni. Ba nan da nan jikin ya shanye ba. Ciwon ya yi ta cin ta sannu a hankali, tana jan jiki zuwa coci, har ranar 14 ga Afrilu, 1925, da ta kwanta, ba ta sāke tashi ba.

Da farko ta roƙi warkarwa ƙwarai, har ta yi alkawari za ta tafi aikin bishara in ta miƙe. Warkarwar ba ta zo ba. Daga baya ta karɓi gadon nan a matsayin kiranta, tana miƙa shan wuyarta tare da na Yesu Kristi domin tuban masu zunubi.

Masu ba da labarinta sukan yi saurin wuce Deolinda, a ganinmu kuwa bai kamata ba. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon laka ya san abin da ke ciki: juya shi dare da rana kada fata ta yi gyambo, wanka, sauya shimfiɗa, ɗauke bayan gida, barci rabi da rabi. Deolinda ce ta ɗauki wannan kaya, ba ta yi aure ba, ta zauna a gefen ƙanwarta har ƙarshe. Sa'ad da Fada Mariano Pinho, mai bi da ruhaniyar Alekzandrina, da Fada Umberto Pasquale wanda ya biyo bayansa suka so a rubuta abubuwan da take ji a cikin addu'a, ita takan faɗa, Deolinda kuwa ta rubuta.

Daga 1942 labari ya bazu cewa ba ta cin kome sai Jibin Ubangiji. Domin a gwada gaskiyar maganar, a 1943 aka kai ta wani asibiti a Foz do Douro, kusa da birnin Porto, aka sa mata ido kwana 40. Deolinda ta raka ta. Gwaji ne mai tsanani ga su biyun, gama ana tsaronsu kamar waɗanda ake zargi da ruɗi, mai jinyar da ta san jikin nan fiye da kowa ta koma 'yar kallo. Likitocin suka ba da shaida cewa a kwanakin nan ba ta ci ba, ba ta sha ba.

A 1944 ta shiga ƙungiyar masu taimakon Salesiyawa, 'ya'yan Don Bosko. Jama'a suka riƙa tururuwa zuwa ɗan ɗakinta neman shawara da addu'a, wannan ma ƙarin ɗawainiya ne ga mutanen gidan.

Ta rasu ranar 13 ga Oktoba, 1955, ranar tunawa da bayyanuwar Budurwa Maryamu ta ƙarshe a Fatima. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin Masu Albarka ranar 25 ga Afrilu, 2004. Kabarinta yana cikin cocin Balazar.