Georges Doriot, Bafaranshen da ya buɗe wa masu basira ƙofar jari

An haifi Georges Doriot a birnin Paris a 1899. Mahaifinsa injiniyan motoci ne da ya yi aiki da Peugeot. A 1921 Doriot ya tafi Amurka, ya shiga makarantar koyon kasuwanci ta Harvard, inda daga baya ya zama malami. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙe sashen tsara wa sojojin Amurka kayan aiki, har ya kai muƙamin birgediya janar.

A wancan zamani, mai basirar da ba shi da jari ba shi da wurin zuwa. Banki sai da jingina, attajirai kuwa sai wanda suka sani. A 1946 Doriot da wasu abokansa suka kafa kamfanin American Research and Development a Boston. Maimakon ba da bashi, sukan sayi hannun jari a sabon kamfani, su riƙa ba masu shi shawara. In ya durƙushe, kuɗi sun tafi. In ya bunƙasa, kowa ya samu.

Shekarun farko riba ba ta taka kara ta karya ba, amma ya yi haƙuri. A 1957 ya zuba dala 70,000 a Digital Equipment Corporation, kamfanin kwamfuta da injiniyoyi biyu, Ken Olsen da Harlan Anderson, suka fara. Wannan jari ya haifi ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Bai manta da gida ba: yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kasuwanci ta INSEAD a Faransa. Ya rasu a Boston a 1987.