M. King Hubbert

Marion King Hubbert (an haife shi ranar 5 ga Oktoba, 1903, ya rasu ranar 11 ga Oktoba, 1989) masanin kimiyyar ƙasa ne ɗan Amurka, wanda ya yi aiki da kamfanin mai na Shell da kuma hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Jama'a sun fi saninsa da hasashen da ya yi a 1956, cewa yawan man da Amurka ke haƙowa zai kai ƙololuwa sannan ya fara raguwa. A wurin masana ruwa da injiniyoyin mai kuwa, babban aikinsa shi ne bayanin yadda ruwa da ɗanyen mai da iskar gas ke tafiya a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Ya nuna cewa ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da su duka, kuma zuƙo ɗaya ko tura wani cikin rijiya yana sauya matsin da ke kan sauran.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Hubbert a San Saba da ke jihar Texas, ya kuma tashi a gidan manoma. Ya fara karatu a kwalejin Weatherford, daga nan ya wuce Jami'ar Chicago, inda ya haɗa ilimin duwatsu da lissafi da fizis. Ya sami digiri na farko a 1926, na biyu a 1928, na uku kuma a 1937. Ya taɓa aiki da kamfanin mai na Amerada, sannan ya koyar a Jami'ar Columbia da ke New York kusan shekara goma, har zuwa 1940. A shekarun nan ne ya shiga ƙungiyar Technocracy tare da Howard Scott, wadda ke son a miƙa ragamar tattalin arziki ga masana kimiyya da injiniyoyi.

Ka'idar tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa

Tun a 1856 injiniyan Faransa Henry Darcy ya gwada yadda ruwa ke ratsa yashi, ya fitar da dokar da ake kira da sunansa. Duk da haka, har zuwa zamanin Hubbert littattafai da dama na koyar da cewa ruwa na gudu ne daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. A wata doguwar maƙala da ya wallafa a 1940, Hubbert ya nuna cewa wannan bayani bai cika ba. Abu biyu ne ke tura ruwa: tsayin wurin da yake, da matsin da ke kansa. Idan aka haɗa su, ana samun ma'auni guda, wato matakin da ruwa zai hau ya tsaya a cikin rijiya. Ruwa na tafiya ne daga inda wannan mataki ya yi sama zuwa inda ya yi ƙasa, ko da hanyar za ta sa ya nutsa ko ya taso.

Da wannan ya bayyana yadda ruwan sama da ya shiga ƙasa a kan tudu ke yin zurfi, ya yi tafiya mai nisa, sannan ya ɓullo a fadama ko a gindin kogi. Ya kuma nuna cewa hanyar ruwan tana karkacewa duk lokacin da ya fita daga yashi ya shiga laka.

Shekarunsa a Shell

Bayan ya yi wa gwamnatin Amurka aiki na ɗan lokaci a Yaƙin Duniya na Biyu, Hubbert ya shiga Shell a Houston a 1943, ya zauna har 1964. A nan ya ɗauki ƙa'idar ruwa ya ɗora ta a kan mai.

A 1953 ya nuna cewa idan ruwan da ke ƙarƙashin mai yana tafiya, iyakar da ke tsakaninsu ba ta kwanciya daidai, tana karkata ta bi inda ruwan ya nufa. Idan tafiyar ruwan ta yi ƙarfi, tana iya ture man daga ƙoƙon dutsen da ake sa ran samunsa, ko ma ta kore shi gaba ɗaya. Saboda haka mai neman fetur ba shi da makawa sai ya san halin ruwan da ke wurin.

A 1957, shi da David Willis suka yi bayanin abin da ke faruwa idan aka tura ruwa da ƙarfi cikin rijiya don a fasa dutse, dabarar da kamfanoni suka fara sayarwa a 1949. Mutane da yawa sun ɗauka tsagar a kwance take tafiya, tana bin shimfiɗar dutsen. Su biyun suka nuna da lissafi da gwaji cewa dutse na buɗewa ne ta ɓangaren da danniya ta fi sauƙi, don haka a wurare masu zurfi tsagar kan miƙe tsaye. 

A 1959 shi da William Rubey suka warware wata tsohuwar tambaya: yaya manyan faifan duwatsu ke zamewa a kan juna na kilomitoci masu yawa ba tare da sun ragargaje ba? Amsarsu ita ce ruwan da ke cikin ƙofofin dutse yana ɗauke wani ɓangare na nauyin, kuma idan matsinsa ya ƙaru, riƙon da ke tsakanin duwatsun yana raguwa.

Girgizar ƙasa daga rijiyoyi

Ba a daɗe ba aka ga wannan bayani a zahiri. Daga 1962 zuwa 1966 sojojin Amurka sun riƙa tura gurɓataccen ruwa cikin wata rijiya mai zurfin fiye da kilomita 3.5 kusa da birnin Denver, sai aka fara jin girgizar ƙasa a yankin, mafi ƙarfi ma a 1967, bayan an daina turawar. Daga 1969 zuwa 1973 masana sun yi gwaji a filin mai na Rangely da ke Colorado: idan suka ƙara matsin ruwa girgiza ta yawaita, idan suka rage ta lafa. A jihar Oklahoma, inda ake mayar da ruwan zartsin da ke fitowa tare da mai cikin ƙasa, an yi girgiza mai ƙarfin maki 5.8 a Pawnee a 2016, hukumomi kuma suka rufe wasu rijiyoyin.

Hasashen ƙololuwar mai

A watan Maris na 1956, a wani taron masana'antar mai a San Antonio, Hubbert ya yi hasashen cewa haƙar mai a Amurka za ta kai ƙololuwa tsakanin 1965 da 1970. Da yawa daga cikin abokan sana'arsa sun ƙi yarda. A 1970 haƙar ta kai kusan ganga miliyan 9.6 a kowace rana, sannan ta yi ta raguwa shekaru da dama. Sai dai a 2018 Amurka ta zarce wancan adadi, kuma dabarar fasa dutse da ruwa, wadda shi kansa ya bayyana yadda take aiki, tana cikin abubuwan da suka kawo hakan.

Amfanin aikinsa a ƙasar Hausa

Kwarin Sakkwato, wanda Bodinga da Shagari ke cikinsa, yanki ne na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙa har Nijar da Mali. Shimfiɗun duwatsunsa suna ɗauke da sunayen garuruwan yankin, kamar Gundumi, Taloka, Wurno, Dange, Kalambaina da Gwandu, kuma sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma. Ruwan damina na shiga yashin a inda ya fito fili, ya gangara ƙarƙashin laka. Shi ya sa a wajajen Argungu da Birnin Kebbi aka sami rijiyoyin burtsatse da ruwa ke fitowa da kansa ba tare da famfo ba. Masana daga hukumomin binciken ƙasa na Najeriya da Amurka sun auna waɗannan shimfiɗu a shekarun 1960, rahoton Anderson da Ogilbee kuma ya fito a 1973.

A Arlit da ke arewacin Nijar, inda ake haƙar yuraniyam tun 1971, ma'adinan na amfani da ruwan da ya taru a ƙasa dubban shekaru da suka wuce, wanda ruwan saman yanzu ba ya mayar da gurbinsa. A Najeriya an ƙaddamar da aikin mai na Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022, kwarin Sakkwato kuma na cikin wuraren da ake maganar neman mai. A irin waɗannan wurare, matakin ruwa a rijiyoyi shi ne ma'aunin da ke nuna ko haƙa ta taɓa ruwan da jama'a da dabbobi ke sha, muddin an auna shi kafin a fara aikin.

Ƙarshen rayuwa da karramawa

Bayan ya bar Shell, Hubbert ya yi aiki da hukumar binciken ƙasa ta Amurka har 1976. Ya kuma koyar a Jami'ar Stanford da Jami'ar California da ke Berkeley. Ya shugabanci ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka a 1962, ya karɓi lambar Penrose a 1973 da kyautar Vetlesen a 1981. Ƙungiyar masu harkar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Amurka tana ba da lambar yabo mai ɗauke da sunansa. Ya rasu a Bethesda da ke jihar Maryland yana da shekara 86.