Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, sahabin da aka umarta da ya rage ibada

Mun saba jin labarin waɗanda aka zaburar domin su ƙara ƙwazo a ibada. Ba kasafai muke jin labarin wanda Manzon Allah (SAW) ya zauna da shi ya nemi ya sassauta ba. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi da mahaifinsa, shi ne mafi shahara a cikin waɗanda hakan ta faru da su, kuma shi da kansa ya riwaito mana labarin, har da abin da ya same shi bayan girma ya zo.

Baƙuraishe ne daga gidan Banu Sahmin, ana yi masa alkunya da Abu Muhammad. Mahaifinsa shi ne Amru ɗan Asi, kwamandan da Allah Ya buɗe ƙasar Masar a hannunsa, mahaifiyarsa kuwa Raiɗatu 'yar Munabbih. Masana tarihi sun ambaci cewa tazarar da ke tsakaninsa da mahaifinsa ba ta wuce shekara 11 ko 12 ba. Ɗan ne ya riga uban shiga Musulunci, domin Amru bai musulunta ba sai a shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin da ya nufi Madina tare da Khalidu ɗan Walidu.

Abdullahi ya isa Madina yana saurayi mai iya karatu da rubutu, a zamanin da masu wannan baiwa ba su da yawa. Ya riƙa rubuta duk abin da ya ji daga bakin Annabi (SAW), har wasu Ƙuraishawa suka hane shi, suna ganin cewa Annabi mutum ne da ke magana cikin fushi da cikin yarda. Ya dakata, ya kai maganar gaban Annabi (SAW), shi kuma ya yi nuni zuwa bakinsa mai albarka, ya umarce shi da ya ci gaba da rubutu, domin gaskiya kaɗai ke fitowa daga gare shi. Abin da ya tara ya sa masa suna Assahifatus Sadiƙa. Daga zuriyarsa aka samu isnadin nan da ɗaliban hadisi suka sani, na Amru ɗan Shu'aibu daga mahaifinsa daga kakansa.

Irin wannan himma ya kai cikin ibada, a nan ne kuma aka samu matsala. Yana azumi kullum, yana sauke Alƙur'ani kowane dare. Mahaifinsa ya aurar masa da wata mace mai asali daga Ƙuraishawa, kuma yakan leƙa surukarsa ya tambaye ta halin da take ciki. Matar, cikin kunya da kara, ta yabi mijinta da cewa mutumin kirki ne, sai dai tun da aka kawo ta bai kusanci shimfiɗarsu ba. Amru mutum ne mai kaifin basira, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa sai ya kai ƙarar ɗansa wurin Manzon Allah (SAW). Yana da kyau mu lura da inda ƙorafin ya fito. Ba a masallaci aka ga aibin ba, domin duk wanda ya ga Abdullahi a can sai ya yi sha'awarsa. A cikin gida aka gani, wurin wadda ake tauye haƙƙinta da sunan ibada.

Bukhari da Muslim sun kawo labarin ta hanyoyi da dama. A ɗaya daga cikinsu, Annabi (SAW) ne ya je har gidansa. Abdullahi ya miƙa masa matashin fata da aka cika da zaren dabino, amma ya zauna a ƙasa, matashin ya kasance a tsakaninsu. Ya fara nuna masa cewa azumin kwana 3 a kowane wata ya wadatar, tunda kowane aikin alheri ana ninka shi sau goma, ke nan kamar ya azumci watan duka ne. Abdullahi ya nuna yana da ƙarfin da ya fi haka. Aka ƙara masa zuwa 5, sannan 7, sannan 9, sannan 11, yana ta neman ƙari, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda (AS), wato yau azumi gobe sha, aka kuma sanar da shi cewa babu azumin da ya fi wannan. Haka aka yi da karatun Alƙur'ani. An umarce shi da sauka ɗaya a wata, wanda a lissafin makarantunmu izu biyu ke nan a rana. Ya nemi ƙari aka mayar da shi kwana 20, sannan 10, sannan 7, aka ce kada ya wuce haka.

Dalilan da aka ba shi su ne suka fi jan hankalinmu. An gaya masa cewa idan ya ci gaba a haka idonsa zai zurma, ransa kuma zai gaji. An tunatar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa tana da haƙƙi, baƙonsa ma yana da haƙƙi. Aka kira barci da abinci da hira da iyali da sunan haƙƙi, kalmar da muke amfani da ita ga bashin da ya wajaba a biya. Sannan Annabi (SAW) ya faɗa masa maganar da saurayi ba ya cika son ji, cewa bai sani ba, wataƙila ya yi tsawon rai. Ma'aunin da aka ba shi ke nan: ya zaɓi aikin da zai iya ɗauka yana ɗan shekara 70, ba wanda ƙarfin ƙuruciya kaɗai ke iya ɗagawa ba. A wata riwayar kuma an gargaɗe shi da kada ya zama kamar wani mutum da ya kasance yana tsayuwar dare, daga baya ya daina.

Ta hanyarsa ne kuma muka san tsarin daren Annabi Dawuda (AS), wanda aka bayyana a matsayin sallar da Allah Ya fi so: barci rabin dare, tsayuwa sulusinsa, sannan a koma barci sudusinsa. Idan muka ƙaddara dare awa 12 ne, to awa 6 barci, awa 4 salla, awa 2 barci kuma. Jimillar barcin ta kai awa 8, ninki biyu na tsayuwar. Ɗalibin da ke kwana a zaune gab da jarrabawa, da mai zuwa tahajjudi ya wayi gari yana gyangyaɗi a wurin aikin da ake biyansa albashi a kai, suna da abin dubawa a wannan lissafi.

Sauran rayuwarsa ta bi ta cikin manyan al'amura. Ya halarci yaƙin Yarmuk a shekara ta 15, kuma malamai sun ambaci cewa a can ya samu littattafai masu yawa na Ahlul Kitabi ya riƙa dubawa. Ya kasance a Siffin a shekara ta 37 a ɓangaren mahaifinsa, amma ya bayyana cewa bai yi yaƙi ba, ya fito ne kawai saboda Annabi (SAW) ya taɓa umartarsa da yi wa mahaifinsa biyayya. Yana da gonar inabi a Ɗa'if mai suna Waht, wadda ya gada daga Amru bayan rasuwarsa a shekara ta 43, kuma an riwaito cewa yakan ambaci gonar tare da Sahifarsa a matsayin abubuwa biyu da suke sa shi son rayuwa.

Tsawon ran da aka yi masa ishara da shi ya zo. Ƙarfi ya ragu, azumin Dawuda ya yi masa nauyi, ya riƙa faɗa a fili cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko. Amma ba ya son ya bar abin da ya rabu da Annabi (SAW) a kansa, don haka ya nemi dabara. Da rana yakan karanta wa wani daga cikin iyalinsa subu'in Alƙur'anin da zai tsaya da shi da dare, domin karatun ya zo masa da sauƙi. Idan jiki ya yi rauni yakan sha azumi kwanaki a jere, ya ƙirga su, sannan ya azumci kwatankwacinsu bayan ya samu ƙarfi. A ganinmu wannan ne darasin fiƙihu mafi daɗi a tarihinsa, domin dattijon ya canza tsari bai canza alkawari ba.

Akwai wani abin lura kuma. Abu Huraira ya shaida cewa a cikin sahabbai babu wanda ya fi shi yawan hadisi in ban da Abdullahi, saboda shi yana rubutawa. Amma abin da ya iso mana daga Abdullahi kusan hadisi 700 ne, na Abu Huraira kuwa ya haura 5,000. Ibnu Hajar ya kawo dalilan haka a Fathul Bari. Daga ciki akwai zamansa a Masar da Ɗa'if, inda ɗalibai ba sa tururuwa kamar Madina. Daga ciki kuma akwai cewa ibada ta fi shagaltar da shi a kan karantarwa, alhali Abu Huraira ya zauna ya fuskanci ɗalibai har ƙarshen rayuwarsa.

Ana ƙidaya shi cikin Abdullahi huɗu da suka shahara da ilimi a tsakanin sahabbai, tare da ɗan Umar da ɗan Abbas da ɗan Zubairu. An ce idonsa ya tafi a ƙarshen rayuwarsa. Masana tarihi sun saɓa a kan shekarar rasuwarsa da wurinta, wasu suka ce Makka, wasu Ɗa'if, amma zancen da ya fi shahara shi ne ya rasu a Masar a shekara ta 65 bayan Hijira, yana da shekara 70 da 'yan kai. Allah Ya ƙara masa yarda.