Sir John Macpherson, Gwamnan Da Ya Nemi Shawarar Jama'a

An haifi Sir John Macpherson cikin 1898. Bayan ya yi aiki a Malaya da Falasɗinu, aka naɗa shi Gwamnan Nijeriya cikin 1948, sa'ad da ake sukar tsarin mulkin Gwamna Richards domin an yi shi ba da shawarar 'yan ƙasa ba.

Sai ya sa aka ji ra'ayin jama'a tun daga ƙauye har lardi. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka dage sai an ba su rabin kujerun Majalisar Wakilai, aka kuwa ba su. Duk da haka tsarin 1951 bai ba talakan Arewa ƙuri'a kai tsaye ba. Mai biyan haraji a Boɗinga ko Shagari wakili yake zaɓa, wakilai kuma su zaɓi na gaba. Mata kuwa babu su ciki.

Bayan rikicin Kano na 1953 aka sake tsarin, amma zaɓen bene-bene ya zauna a Arewa. Ta hanyarsa Malam Shehu Shagari ya shiga Majalisar Wakilai cikin 1954.

Macpherson ya bar Nijeriya cikin 1955, ya mutu cikin 1971.