Charles Darwin, Ɗalibin Limanci Da Ya Mutu Cikin Shakka

An haifi Charles Darwin a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila a 1809. Da ya kasa jure karatun likita, sai mahaifinsa ya tura shi Jami'ar Kembirij don ya zama limamin Kirista. A lokacin nan kuwa ba ya shakkar ko harafi ɗaya na Littafi Mai Tsarki. Amma bai kama limancin ba, domin a 1831 ya shiga jirgin ruwan Beagle, ya yi shekara biyar yana zagaya duniya yana nazarin halittu.

Sannu a hankali bangaskiyarsa ta zube. Zafin da ya gani cikin halitta ya tsaya masa a rai, musamman wani irin zanzaro mai saka ƙwai cikin jikin tsutsa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta da ranta. Ya rasa yadda zai haɗa wannan da rahamar Mahalicci. Haka kuma ya ƙi amincewa da koyarwar da za ta jefa mahaifinsa da wansa, waɗanda ba su ba da gaskiya ba, cikin azaba ta har abada. A 1851 kuma 'yarsa Annie ta rasu tana da shekara goma, aka ƙara wa miki gishiri.

Matarsa Emma, 'yar kawunsa, mai riƙon addini ce ƙwarai, tana fargabar kada su rabu a lahira. Ran Lahadi yakan raka iyalinsa zuwa majami'a, shi kuwa ya wuce yawonsa. Duk da haka, ko bayan fitowar littafinsa na asalin halittu a 1859, bai ce babu Allah ba. A wata wasiƙa ta 1879 ya bayyana kansa a matsayin wanda bai tabbatar ba, bai kuma musanta ba. Masu jingina masa abin da ya wuce haka ba su yi masa adalci ba.

Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a babbar majami'ar Westminster a Landan. An baza labarin wai ya tuba a gadon mutuwa, 'ya'yansa suka ƙaryata. Abin da ya rubuta game da addini kuwa, iyalinsa sun datse wani sashe, sai a 1958 jikarsa Nora Barlow ta buga shi cikakke.