Kurt Schwitters, Bajamushen da ya mai da bola jari

Duk safiya idan na fito titi a Agege sai na ci karo da 'yan'uwanmu 'yan gwangwan, suna tura baro cike da ƙarafuna da robobin da wasu suka zubar, masu gidaje kuma suna binsu da wani irin kallo. Su ne suke tuna mini da wani Bajamushe mai suna Kurt Schwitters, wanda shi ma ya yi rayuwarsa yana sunkuyawa a titi yana tsince-tsince.

An haife shi a birnin Hanover a 1887, a gidan masu rufin asiri. Tun yana yaro yake fama da farfaɗiya. Ya koyi zane a Dresden daga 1909 zuwa 1914, irin zanen da kowa ya sani, na fenti da buroshi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya masa tunani. Jamus ta fito daga yaƙin a ragargaje, ga talauci, shi kuwa sai ya ga ai da ɓaraguzan nan ma ana iya haɗa sabon abu. Ya shiga tara tikitin mota, guntun jarida, maɓalli, waya, tsumma, ɓallin katako. Ya yanka, ya jera, ya manna da gam, wani ya buga masa ƙusa, sai ga hoto ya fito. Wannan sana'a ta manne-manne ita Turawa ke kira kolaj.

A 1919 ya raɗa wa aikinsa suna Merz. Kalmar ba ta da ma'ana fa, guntu ce da ya yanko daga tallan wani banki. Har sunan ma tsintuwa ne.

Daga wajen 1923 abin ya fi ƙarfin allo, ya koma cikin gidan iyayensa. Ya riƙa gina ginshiƙai da lunguna da 'yan koguna na katako da farar ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, yana ɓoye tsarabar abokansa a ciki, har da gashin kan wani. Fiye da shekara goma yana wannan aiki. Maƙwabta dai na san ba za su rasa cewa mutumin nan ya taɓu ba.

Sai ga Hitila. Gwamnatinsa ta ce irin wannan zane lalata ne, aka kwashe ayyukan Schwitters daga gidajen tarihi, aka baje wasu a Munich a 1937 don jama'a su zo su yi dariya. A farkon shekarar ya riga ya tsere Norway, inda ɗansa Ernst yake. Matarsa Helma ta zauna tsaron gida da tsofaffi. Rabonsa da ita tun 1939.

A Lysaker, kusa da Oslo, ya fara gini na biyu. Bai gama ba sojojin Jamus suka shigo a 1940, ya sake gudu a jirgin ruwa zuwa Birtaniya. Can kuma aka duba takardarsa aka ga Bajamushe ne, aka tsare shi a sansanin Hutchinson a tsibirin Man sama da shekara guda. A gida maci amana, a waje ɗan abokan gaba. Wanda ya taɓa zama baƙo a garin da ake tambayarsa ko shi ɗan ina ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa a nan yake. Babu kayan aiki a sansanin, sai ya ɓamɓaro ledar daɓen ƙasa yana zane a kai. Babu farar ƙasa, sai ya tara ragowar faten da ake ba su da safe yana mulmula siffofi da shi, har ya yi funfuna, wari ya ishi abokan zamansa. Bai daina ba.

An sake shi a ƙarshen 1941, ya zauna Landan, inda kusan ba wanda ya san ko shi wane ne. A 1943 bom ya rushe gidan Hanover da duk abin da ya gina a ciki. A 1944 shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, Helma kuma ta rasu da ciwon daji. Ya koma Ambleside a arewacin Ingila a 1945, yana zana fuskokin mutane da furanni a kan 'yan kuɗi kaɗan don ya ci abinci.

Duk da haka a 1947, yana da shekara 60, da tallafin dala 1,000 daga wani babban gidan zane na New York, ya sami wata tsohuwar rumfar dutse a Elterwater ya sake farawa daga tushe. Ga sanyi, ga ciwon zuciya. Bango ɗaya kacal ya samu ya yi wa aiki sosai.

Ranar 7 ga Janairun 1948 aka amince masa ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. Washegari ya mutu a asibitin Kendal. Ginin Norway ya ƙone a 1951. Bangon Elterwater kuwa, a 1965 aka yanko shi ɗungurungum aka kai shi Jami'ar Newcastle, yana can har yau.